Muryar Yaron Da Ta Ƙi Washewa



Yau zancenmu a kan maƙogwaro yake, musamman na ƙananan yara, da wani tsiro da kan fito a cikinsa. Likitoci sun ce wannan tsiro ba ciwon daji ba ne, kuma gaskiya suka faɗa. Amma kada wannan kalma ta sa mai sauraro ya saki jiki, domin tsiron da ba daji ba ma, in ya fito a ƙofar da iska ke bi, yana iya raba yaro da numfashinsa.

Dashewar murya kowa ya san ta. Hunturu ya shigo, mura ta kama mutum, murya ta shaƙe kwana huɗu ko biyar, sannan ta washe. Ladan ya san ta, malamin firamare mai aji cike da yara ya san ta, haka ɗan kamasho a tasha da maroƙi washegarin biki. Wasu daga cikin masu wahalar da murya kullum har wata 'yar kanta kan fito musu a tantanin muryar, wadda babu ruwanta da ƙwayar cuta, maganinta hutu ne da koyon magana ba tare da tsawa ba. Ba wannan muke nufi ba. Muna maganar yaro ne ɗan shekara biyu ko uku ko huɗu, wanda bai yi kiran salla ba, bai yi tallan komai ba, amma muryarsa ta dashe wata guda, wata biyu, wata shida, kullum ƙara ƙasa take yi. In ya yi kuka, kukan ba ƙarfi. Sai a ce ai haka muryarsa take, ya gado ta wajen kakansa.

Mai sauraro, ɗora yatsa a kan zakaran wuyanka ka ce "aaa". Wannan kaɗawar da ka ji, wasu tantani biyu ne a bayan wurin suke haɗuwa suna karkarwa. A babban namiji sukan kaɗa sama da sau 100 a daƙiƙa guda, a mace wajen sau 200, a yaro fiye da haka. In za ka ja numfashi sai su buɗe, iska ta wuce tsakaninsu zuwa huhu. Wato ƙofa ɗaya ce ta murya da ta numfashi. A jaririn da aka haifa yau, mafi ƙuncin wannan hanya bai wuce milimita 5 ba. Saboda haka ɗan abin da babba zai yi shekaru yana yawo da shi, illarsa kawai muryarsa ta yi kaushi, shi ne a wuyan yaro zai cinye rabin hanyar iska.

Abin da ke tsirowa a wurin ɗan'uwan tusar jaki ne, wadda mukan gani a hannu ko a ƙafa. Ƙananan ƙulle-ƙulle ne masu taushi, ja-ja ko fari-fari, suna fitowa gungu-gungu a gefen tantanin muryar. Kuma mai haddasa su wata ƙwayar cuta ce daga jinsin bairos da ake kira HPV. Dangi ne babba, an ƙidaya musu iri sama da 200, kowanne da lambarsa da wurin da ya fi son zama a jiki. Masu lamba 16 da 18 su ne mugayen gidan, su ke jawo kusan kashi 70 cikin 100 na sankarar bakin mahaifa a duniya. Masu lamba 6 da 11 kuwa su ne ke sa tsiro a al'aura, kuma su ne dai ake samu a fiye da kashi 90 cikin 100 na wannan tsiro na maƙogwaro. A cikin su biyun, lamba 11 ta fi tsanani, ta fi saurin dawowa bayan an cire.

An daɗe ana ganin ciwon kafin a san mai shi. A shekarar 1854 wani malamin koyar da waƙa ɗan Sifaniya, Manuel Garcia, ya sa ɗan madubi a can ƙarshen bakinsa, ya haska da hasken rana, ya ga tantanin muryarsa suna motsi. Daga nan likitoci suka ɗauki dabarar, kuma likitan maƙogwaro na Landan, Morell Mackenzie, ya wallafa littafi a 1871 a kan tsiron da ya riƙa gani yana cirewa. To amma me ke kawo shi? A 1923 wani likita a Biyana ta ƙasar Ostiriya, mai suna Ullmann, ya yi abin da a yau babu hukumar da za ta yarda a yi: ya ɗebi tsiron da aka ciro daga maƙogwaron wani yaro, ya shigar da shi a fatar hannunsa. Bayan 'yan watanni tsiro ya fito masa a wurin. Nan aka gane cewa abu ne mai rai da ke iya tashi daga jiki zuwa jiki. Sai a farkon shekarun 1980 ne masana a Jamus, ƙarƙashin Harald zur Hausen, suka ware ƙwayar lamba 6 da lamba 11, ita ta 11 ɗin ma daga tsiron maƙogwaro aka fara zaro ta. Shi zur Hausen ɗin ne aka ba lambar yabo ta Nobel a 2008, saboda gano alaƙar wannan dangi da sankarar mahaifa.

Yadda ƙwayar take aikinta shi ne, takan sami 'yar ƙujewa a fatar da ta lulluɓe maƙogwaro, ta nutse can ƙasa inda sababbin ƙwayoyin halitta ke haihuwa, ta zauna a ciki ta riƙa tunzura su su yi ta rarrabuwa fiye da ƙima. Tulin da suka yi shi ne tsiron. Bambancinta da 'yan'uwanta masu sa daji shi ne ita ba ta cika lalata birkin ƙwayar halittar gaba ɗaya ba, shi ya sa tsiron ba ya cin nama ya shiga ciki, ba ya bin jini ya watsu. Amma tana da wata mugunta tata. Takan ɓuya har a fatar da ke kewaye, wadda ido ke gani lafiya ƙalau. Duk manomin da ya yi fama da aya-aya a gona ya san wannan hali: ka nome saman tas, ƙwayar tana ƙasa, ruwa ɗaya za a yi ta sake fitowa. Shi ya sa a sunan da likitoci suka ba ciwon ma suka haɗa da cewa mai dawowa ne.

Tambayar da kowace uwa za ta yi ita ce, a ina ɗana ya samo? A nan sai mun yi magana a hankali. Abin da bincike ya nuna shi ne, yawancin yara a wajen haihuwa suke ɗauka, lokacin da suke bi ta hanyar fitowa, in uwar tana ɗauke da ƙwayar. An fi ganin haka ga ɗan fari, ga uwa mai ƙarancin shekaru, da kuma inda naƙuda ta yi tsawo. Wani bincike da aka yi a ƙasar Denmak, aka wallafa a 2003, ya gano cewa matar da ke da irin wannan tsiro a gabanta lokacin goyon ciki, haɗarin da ɗanta ke ciki ya ninka na sauran yara fiye da sau 200. Wannan adadi yana da ban tsoro, amma ga ɗaya gefen nasa: ko a cikin waɗannan matan ma, yara kusan 7 ne kawai cikin 1,000 suka kamu. Sauran 993 lafiya lau. Jikin yawancin mutane yana kakkaɓe ƙwayar da kansa, 'yan kaɗan ne garkuwar jikinsu ba ta gane ta da kyau. Don haka ne ma likitoci ba sa cewa a yi wa mace tiyatar haihuwa saboda wannan dalili kaɗai, balle ma an ga yaran da aka ciro ta tiyata kuma suka kamu.

Ina roƙon magidanta da surukai su saurari wannan da kunnen basira. HPV tana daga cikin ƙwayoyin da suka fi yawa a tsakanin 'yan Adam. Mafi yawan manya, maza da mata, sun taɓa ɗaukar wani iri nata a rayuwarsu ba su sani ba. Tana iya kwanciya shekaru ba alama. Miji na iya kawo ta gida bai san yana da ita ba, tun daga wani aure da ya gabata. Ba hujja ba ce ta cewa wance ta yi wani abu, kuma duk wanda ya mayar da ciwon yaro abin tuhumar uwarsa ya zalunce ta, ya kuma sa gobe wata uwar ta ɓoye nata ɗan a ɗaki. Haka nan yaron da ke da wannan tsiro ba ya shafa wa 'yan'uwansa ta tari, ko ta kwano ɗaya, ko ta kofin shan ruwa. Babu dalilin ware masa cokali, babu dalilin hana shi makaranta.

Manya ma suna samu, galibi tsakanin shekara 20 zuwa 40, wasu ta hanyar mu'amalar kwanciya, wasu kuma ana jin tsohuwar ƙwaya ce ta farka. Nasu ya fi sauƙi, sau da yawa murya kawai yake taɓawa. Akwai kuma ɗan tsiro guda ɗaya tilo da kan fito a ganɗa ko a jikin beli, shi ma aikin wannan dangi ne, in an cire shi yawanci shi ke nan. Amma babba mai shan taba da muryarsa ta dashe ta ƙi dawowa, wannan kada ya tsaya lissafin HPV, ya je a duba shi, don sankarar maƙogwaro ma da haka take sallama.

Mu koma ga yaron. Hanyar da yakan bi kafin ya isa inda ya dace ita ce ta fi damuna. Da farko kemis, a ba da maganin tari. Ba sauƙi, a koma a karɓo maganin kashe ƙwayoyin cuta, wanda ba ya taɓa bairos ko kaɗan. Sai a jiƙa citta da kanumfari da zuma. Sai wata tsohuwa ta ce beli ne, a kira wanzami. To, shi beli a sama yake, kowa na iya hango shi in an buɗe baki. Wannan tsiro kuwa yana can ƙasa, bayan tushen harshe, inda babu idon da zai kai sai da na'ura. An yanke wa yaro beli, ya zubar da jini, ya ƙi cin abinci kwana da kwanaki, abin da ke shaƙe shi yana nan yana girma. Daga baya numfashi ya fara ƙara, a kai shi asibitin kusa, a ce asma ce, a ba da abin shaƙa. Wannan kuskure ba a ƙasashenmu kaɗai ake yin sa ba, littattafan likitanci na ko'ina cike suke da labarin yaran da aka yi wa maganin asma wata da watanni kafin wani ya leƙa maƙogwaronsu.

Alhali akwai bambancin da uwa ma za ta iya kamawa da kunnenta. Mai asma, fiton da ƙirjinsa ke yi ya fi fitowa lokacin da yake fitar da iska, kuma muryarsa garau take. Mai toshewar maƙogwaro kuwa, ƙarar tana zuwa ne lokacin da yake jan iska ciki, daga wuya take fitowa, kuma muryar ta riga ta dashe tun tuni. In abin ya yi nisa za ki ga ramin wuyansa da tsakanin haƙarƙarinsa suna lotsawa duk jan numfashi, ya kasa barci a kwance, ya kasa wasa. Wannan ba na jiran gari ya waye ba ne. Ita kuwa dashewar murya kaɗai, in ta wuce mako uku zuwa huɗu ba ta washe ba, a yaro ko a babba, a nemi likitan kunne da hanci da maƙogwaro. Akwai su a asibitocin koyarwa, na Malam Aminu Kano, da na Shika a Zariya, da na Sakkwato, da na Maiduguri, ga kuma Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa a Kaduna. Dubawar ba wani abin tashin hankali ba ce: siririn bututu ne mai fitila a kai, a zura ta hanci, cikin 'yan mintoci an ga abin da ke wurin.

Me ya sa nake nanata saurin zuwa? Saboda abin da ke faruwa in an makara. Yaron da aka kawo yana haure-haure, likita ba shi da zaɓi illa ya huda masa wuya a ƙasan toshewar ya sa bututu, don ya ceci ransa. Rahotannin da likitocinmu suka rubuta daga asibitocin koyarwa na Nijeriya sun sha nuna cewa da yawan yaran a wannan hali ake kawo su. Hudar tana ceton rai, babu musu. Sai dai a wannan ciwo musamman, likitoci suna gudun ta iya ƙoƙarinsu, domin sabon rauni sabon masauki ne ga ƙwayar, tsiron kan bi bututun ya gangara hanyar huhu. In ya kai huhu, wanda ba kasafai ba ne, magani ya yi wuya ƙwarai, kuma a nan ne 'yan kaɗan daga ciki kan rikiɗe su zama daji bayan shekaru.

Wanda aka kawo da wuri, aikin da ake yi masa ta baki ne, ba a tsaga wuya. A sa shi barci, a shiga da madubin ƙara girma, a tsince tsiron da ɗan ƙaramin almakashi, ko da wata na'ura mai aske shi tana zuƙewa, ko a ƙone shi da hasken leza, dabarar da aka fara amfani da ita a maƙogwaro a birnin Boston na Amurka a farkon shekarun 1970. Gwanin likita ba ya ƙoƙarin share komai tas, don in ya ci tantanin muryar da yawa tabo zai fito, tabon kuma ba ya gyaruwa. Gara a bar ɗan kaɗan a dawo. Kuma za a dawo ɗin. Wasu yaran sau uku ko huɗu a shekara, an ma san waɗanda aka shiga da su ɗakin tiyata fiye da sau 100 a rayuwarsu. Wanda ciwon ya kama kafin ya cika shekara uku ya fi shan wahala. Wasu kuwa in sun doshi balaga sai abin ya lafa da kansa. Ya kamata a gaya wa iyaye wannan tun ranar farko, domin uban da ya sayar da akuya ya biya kuɗin aiki, bayan wata huɗu ya ji muryar ta sake shaƙewa, zai ɗauka likita ne bai iya ba, ya juya ya koma wajen mai magani a kasuwa.

Akwai magungunan da ake haɗawa da tiyata ga masu tsanani. Ɗaya daga ciki, wanda ake sayarwa da sunan Avastin, asalinsa na masu ciwon daji ne, yana hana tsiron samun sababbin jijiyoyin jini. A watan Agustan 2025 kuma hukumar kula da magunguna ta Amurka ta amince da wata allura mai suna Papzimeos, wadda ke koya wa garkuwar jiki farautar ƙwayoyin halittar da lamba 6 da 11 suka shiga. Ita ce ta farko da aka yi musamman don wannan ciwo. Amma ta manya ce, kuma kuɗin irin waɗannan magunguna ba na talaka ba ne.

Abin da ke hannunmu, kuma kyauta, shi ne rigakafi. A shekarar 2006 aka fara amfani da allurar Gardasil, wadda ke kare mutum daga iri huɗu: 6 da 11 da 16 da 18. Babu ƙwaya mai rai a cikinta, ɓawon ƙwayar ne kawai ake ƙerawa ta hanyar amfani da yis, jiki ya gan shi ya shirya. Ƙasar Ostireliya ta fara yi wa 'yan mata ita a makarantu a 2007, da niyyar yaƙar sankarar mahaifa. Bayan 'yan shekaru waɗannan 'yan mata suka yi aure suka fara haihuwa, sai likitocin maƙogwaro na ƙasar suka lura yaran da ake kawo musu da wannan tsiro suna ta raguwa. Suka bi diddigi daga 2012 zuwa 2016, suka sami sababbin yara 15 kacal a faɗin ƙasar, adadin yana sauka shekara bayan shekara, kuma a cikin iyayen yaran nan babu ko ɗaya da aka yi wa allurar kafin ta ɗauki ciki. A Amurka ma an ga irin wannan raguwa.

Nijeriya ta shigo da wannan allura cikin jerin rigakafin yau da kullum a watan Oktoban 2023, ga 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14, allura ɗaya tak. An fara da jihohi 15 da Abuja, sauran suka biyo baya a 2024. Kuma irin da aka kawo mai kariya huɗun nan ce, wato har da 6 da 11. Duk shelar da aka yi, a kan sankarar bakin mahaifa aka yi ta, kuma ta cancanta, tunda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 kaɗai mata kusan 8,000 ciwon ya kashe a ƙasar. Amma a ganina masu wayar da kai sun bar wata hujja mai ƙarfi a ƙasa ba su ɗauka ba. Uban da aka ce masa ya kawo 'yarsa mai shekara tara don gudun ciwon da zai iya samun ta tana da arba'in, yana iya cewa Allah ya kai mu. Ga kuma jita-jitar da muka saba ji tun zamanin rikicin allurar shan inna a 2003, cewa ana son hana 'ya'yanmu haihuwa ne. To, ga amsa daga Ostireliya, ƙasar da ta yi kusan shekara ashirin tana yin allurar: 'yan matan sun girma, sun haihu, kuma 'ya'yan da suka haifa sun tsira daga ciwon da ke shaƙe yara. Wannan magana ce da kaka za ta fahimta, domin jikanta ake nufi. Ya kamata ungozoma ta san ta, malamin Islamiyya ya san ta, mai unguwa ya san ta.

Sai dai a lura da abu biyu. Allurar ba ta warkar da wanda ƙwayar ta riga ta shiga jikinsa, shi ya sa ake yin ta tun yarinya ba ta isa aure ba. Sannan ba kowace allurar HPV ce ke ɗauke da kariyar maƙogwaro ba. Akwai irin su Cervarix, waɗanda 16 da 18 kaɗai suke tarewa, suna kare mutum daga sankara amma ba sa taɓa 6 da 11. Masu saurarenmu da ke wajen Nijeriya, da waɗanda za su saya a asibitin kuɗi, su tambayi ma'aikacin lafiya kai tsaye: wannan mai iri biyu ce, ko mai huɗu, ko mai tara? Mai huɗu da mai tara su ne suka haɗa da 6 da 11.